Yadda muka kafa ƙungiyar farfaɗo da rafinmu

Rigima ce ta haifi ƙungiyarmu. Masu gonaki a bakin rafi sun daɗe suna kuka cewa duk damina ruwa na sauko musu da yashi daga tudu, ya binne shuka, wata shekarar har sai an sake iri. Na tudu kuma suna cewa su ne ma da kuka, domin ƙasar da ke binne gonakin kwari tasu ce, ita ce mai albarkar da ruwa ya kwashe ya bar musu fako. Kowa da gaskiyarsa, amma kowa ɗan'uwansa yake nuna wa yatsa. Ana cikin haka kwazazzabo na ta cin ƙasa a tsakani, duk shekara ya ƙara baki, har ya yanke hanyar da yara ke bi zuwa makaranta. Rijiyoyi kuwa, da rani ya tsaya sai ƙarin igiya.

Ni malamin makaranta ne, kuma ta hanyar alƙalami na shigo maganar. Mutanen kwari ne suka same ni suka ce in rubuta musu takardar koke zuwa ga hukuma, a zo a gina musu bangon siminti a bakin kwazazzabon. Na amsa, amma na ce bari in fara ganin wani tsohon malamin gona da ya yi ritaya yana zaune kusa da mu, ko zan samu kalmomin da ma'aikata za su ɗauka da muhimmanci. Ya saurare ni har na dire, sannan ya ce, "Malam, ruwan nan da kuke son tarewa, daga ina yake tasowa?" Na ce daga tudu. Ya ce, "Tudu da faɗi. Ka ajiye takardar tukuna. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, washegari da sassafe ka tara mini mutane, na sama da na ƙasa, mu bi sawunsa da ƙafa."

Haka aka yi. Akwai manoman kwari, akwai na tudu, akwai wani makiyayi da ya san kowane lungu na dajin, sai wata baiwar Allah da ta shafe shekaru tana tonon ruwa a cikin yashin rafi da rani. Ba duka ne ke ga maciji da juna ba, amma sun zo. Muka shiga kwazazzabon daga ƙasa, inda zurfinsa ya shanye tsayin mutum, muka yi ta hawa. Yana ta ƙanƙancewa yana rarrabuwa, har muka iso inda ya tsaya: wani ɗan gaɓa da bai wuce gwiwa ba, ruwa ya rarake ƙarƙashinsa, saiwoyin ciyawa na reto a sarari. Tsohon ya taka bakin da ƙafa, sai wani ɓangare ya rufta. Ya ce nan ne bakin da ke cin ƙasa, kuma baya-baya yake tafiya, yana hawa tudu, duk ruwan da ya zubo ta kansa ya ƙara masa taku.

Abin da ya sauya tunanin mutane a ranar ƙaramin abu ne. Da muka hau fakon, tsohon ya karɓi gorar ruwa ya tsiyaya a kan ƙasar da ta yi ɓawo tana ƙyalli. Ruwan ya taru ya gangara, ko alamar shiga bai yi ba. Ya matsa gindin wani ɗan kurmi inda ganye ya taru ya ruɓe, ya zuba daidai wancan, nan take ƙasa ta shanye. Sai ya ciro wuƙa ya soka a fakon ya ɓanɓare ɓawon. Ƙasa da faɗin yatsa biyu, busasshiyar ƙura ce ta tashi, alhali an kwana ana ruwa. Wani dattijo daga tudu ya durƙusa ya ɗebi ƙurar ya murza a tafin hannunsa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ashe ruwan ma ba ya kwana a gonata."

A can ƙololuwar tudun ne aka nuna mana iyaka. Akwai layin da in ɗigon ruwa ya faɗi ta wannan gefe rafinmu zai je, in ya faɗi ta wancan kuma wani rafin daban. Duk ƙasar da ke cikin layin nan, gona ce ko daji ko hanya ko rufin ɗaki, kamar mazurari take, bakinta ɗaya ne. Tsohon malamin gonar ya sa ni na yi lissafi a takardar da na taho da ita. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. A kan hekta guda, lita 10,000 ke nan. To, ruwan dare ɗaya mai milimita 30 a kan hekta 100 ya kai lita miliyan 30. In ƙasa ta ƙi sha, duk wannan ta rami guda zai bi cikin 'yan sa'o'i. Kuma in saurin ruwa ya ninka biyu, ƙarfin da yake dukan ƙasa da shi ninki huɗu yake yi. Da na karanta musu adadin, wanda ya fi kowa matsawa a kan bangon siminti ya girgiza kai ya ce ba bangon da zai tsaya wa wannan.

Taron farko da muka kira bai yi daɗi ba, kuma ban ga dalilin ɓoye hakan ba, domin duk wanda zai kafa irin wannan ƙungiya zai ci karo da tambayar da muka ci karo da ita. Mun zana taswirar yankin a ƙasa, da sanda da tsakuwa, kowa ya zo ya nuna gonarsa da rijiyarsa da hanyar dabbobinsa. Tsohon malamin gonar ya yi bayani cewa daga sama ake fara gyara, a rage wa ruwa gudu tun yana ƙarami, sannan a sauko. Sai wani magidanci daga tudu ya miƙe ya ce, "Baba, na ji bayaninka. Amma in na kwashe rani ina jera duwatsu a gonata, rijiyar wa za ta cika?" Wuri ya yi tsit. Tambayar gaskiya ce. Mai tudu ne zai ba da fili da gumi, mai kwari ne zai fara ganin sauƙin ambaliya. Makiyayin ma ya ce in ana maganar hana kiwo a gangare, su ina za su sa kansu?

A ganina duk abin da ƙungiyar ta zama daga baya, daga yadda aka amsa tambayoyin nan biyu ya fito. Ba a amsa su a ranar ba. An yi ta zama ƙanana, gida-gida, wani lokacin mutum biyu kawai da mai shiga tsakani. Abin da aka tsayar shi ne, mutanen kwari su ne za su hau tudu da ƙarfinsu, su yi aiki a gonakin da ba nasu ba, kafin a taɓa kwazazzabon da ya dame su. Na tudu kuma su yarda a ja layukan duwatsu a gonakinsu, kuma su daina tumɓuke kututture. Makiyaya aka bar musu hanya mai faɗi zuwa mashaya, wadda ba mai shuka a kanta, kuma duk ciyawar da ta fito a gangaren da aka killace su ke da haƙƙin fara yanka. Wanda bai taɓa zama a irin wannan sulhu ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi. Mutum ya ɗauki dutse a ka ya kai gonar wanda bara suka yi cacar baki da shi, wannan sai an kai zuciya nesa.

Abin da ya taimaka mana wajen shawo kan masu shakka shi ne labarin waɗanda suka riga mu. A gundumar Alwar ta jihar Rajastan a Indiya, Rajendra Singh da ƙungiyar Tarun Bharat Sangh sun fara a 1985 da yashe tsofaffin tafkunan tara ruwan sama da mutanen can ke kira johad, tare da mazauna ƙauyukan. Kogin Arvari, wanda ya shafe shekaru da dama a bushe, ya dawo yana gudana a shekarun 1990. Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya. Da ruwa ya dawo kifi ya samu, sai hukuma ta ba 'yan kwangila izinin kamun kifi a kogin da ba su ɗauki ko kwandon ƙasa ɗaya don farfaɗo da shi ba. Mutanen suka ƙi, kuma daga nan ne ƙauyuka kusan 70 suka kafa majalisar kogin, wadda ke tsara yadda za a yi amfani da ruwan. Na karanta wa jama'a wannan a taro, na ce mu rubuta dokokinmu tun rafin yana bushe, tun ba abin da za a yi rabo a kai.

Ni aka ɗora wa rubuta daftarin, tunda an riga an maƙala mini magatakarda. Na jingina da binciken Elinor Ostrom, 'yar Amurka, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009. Ta yi nazarin al'ummomin da suka daɗe suna kula da daji da makiyaya da ruwan ban-ruwa na tarayya ba tare da sun lalata su ba, ta ga abubuwan da suka yi tarayya a kai: iyaka a fili take, an san wanda ke ciki, waɗanda doka za ta hau kansu da su ake yin ta, masu sa ido daga cikin jama'a suke, hukunci daga ƙarami yake farawa ya riƙa hawa, kuma akwai wurin sasanta rikici nan kusa, ba tsada ba jan lokaci. Daftarinmu bai cika shafi biyu ba. Mamba shi ne duk wanda ke noma ko kiwo ko ɗibar ruwa a cikin layin da muka taka a kan tudu. Kwamiti dole ya haɗa na sama da na ƙasa da makiyaya da mata, kuma shugaba da ma'aji ba za su fito daga ɓangare ɗaya ba. Wanda ya karya doka karon farko gargaɗi ne a gaban jama'a, na biyu aikin yini ne a kan layin duwatsu, na uku sai a kai shi gaba. Matar nan mai tonon ruwa ce ta sa aka ƙara sharaɗin cewa ba za a sa taro a lokacin da mata ke wajen ɗibar ruwa ba. Ta ce, "Malam, ku da kuke zancen rijiya, yaushe rabonku da jan guga?" Aka yi dariya, amma aka rubuta.

Da damina ta ɗauke muka fara koyon aiki. Kayan aikin farko sanduna uku ne da igiya da dutse. Ana ɗaure dogaye biyu a sama, a gitta ta ukun a tsakiya, su ba da siffar harafin A, sai a rataya dutse da igiya daga ƙololuwa. Kafin a fara sai an saita shi: a kafa ƙafafun a ƙasa, a yi alama inda igiya ta taɓa sandar tsakiya, a juya ƙafafun kowace ta koma gurbin 'yar'uwarta, a sake alama. Tsakiyar alamomin biyu nan ne daidai. Daga nan duk inda aka kafa shi igiya ta faɗa kan alamar tsakiya, ƙafafun biyu a tsayi ɗaya suke. A buga turke, a juya ƙafa ɗaya gaba, a nemi daidai, a sake buga turke. Haka ake ratsa gangare da layin da ba hawa ba sauka. Na ga wani yaro ɗalibina, wanda lissafi ke ba shi wuya a aji, ya ƙware a abin nan cikin wuni guda, har yana gyara wa manya. Layin da ya fitar ya yi ta lanƙwasa, wani dattijo ya ce ai a karkace yake, a miƙe shi. Yaron ya ce, "Baba, ido ne ke ganin karkata, ruwa ba zai gani ba." Aka bar shi yadda igiya ta nuna.

A kan layin ake haƙa ɗan rami marar zurfi, a zaunar da manyan duwatsu ta gefen gangara, a cusa ƙanana ta gefen tudu su toshe ƙofofi. Tsayin bai fi santimita 25 zuwa 30 ba, tazarar layi da layi kuma mita 15 zuwa 30, gwargwadon tsananin gangaren. Ba a so ya tare ruwa ɗungurungum. So ake ruwa ya tsaya ya huta, ya sauke ƙasar da ya ɗauko, ya tsiyaye ta tsakanin duwatsu a hankali. A fakon da ya fi taurin kai muka haƙa ramuka masu siffar rabin-wata, bakinsu na kallon tudu, da ƙananan ramuka da ake zuba taki a ciki, irin waɗanda Yacouba Sawadogo na yankin Yatenga a Burkina Faso ya inganta har ya mayar da fako daji. Gara ce ke bin takin, ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga.

Maganar itatuwa ba ta ci mana kuɗi ba. Da farko kowa dashe yake tunani, sai aka nuna mana cewa yawancin kututturan da ake sassabewa duk shekara suna da rai, saiwarsu na nan a ƙasa da ƙarfinta. Abin da ake yi shi ne a zaɓi toho mafi ƙarfi guda biyu zuwa biyar a bar su, a datse sauran, a kare su daga dabba da gatari. Wannan ita ce dabarar da Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, ya fara yaɗawa tare da manoma a yankin Maradi na Nijar a 1983, wadda aka ƙiyasta ta dawo da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a ƙasar. Itacen da ya tashi daga tsohuwar saiwa ya fi dashe jure rani nesa ba kusa ba, tunda ba sai an bi shi da ban-ruwa ba.

Sai da aka gama da sama sannan muka shiga kwazazzabon, shi ma daga kansa. Ƙananan shingayen duwatsu muka gitta, ba wanda ya kai mita guda, tsakiyarsu ta fi gefe ƙasa don ruwa ya bi ta nan, an cusa gefunan cikin gaɓa don kada ya zagaye, an kuma shimfiɗa duwatsu a inda zai faɗo don kada ya haƙe gindin. A gaɓar muka dasa jema a jere, kusa da kusa, saboda saiwarta kan nutsa ƙasa mita biyu zuwa uku ta riƙe ta gam.

Tun kafin ruwan farko muka fara awo, kuma ina roƙon duk mai niyyar irin wannan aiki kada ya tsallake shi. Mun kafa ma'aunin ruwan sama a filin makaranta, ɗalibai ke karantawa. Mata kuma suka zaɓi rijiyoyi a sama da tsakiya da ƙasa, suna zura igiya mai ƙulli-ƙulli a ranar farko ta kowane wata, da asuba kafin a fara ɗiba, ni kuma in shigar a littafi. In ba a yi haka ba, bayan shekara uku gardama za ta tashi, wani ya ce an samu sauyi wani ya ce ba a samu ba, kuma ba mai hujja.

Jarrabawar ƙungiyar ta zo ta inda ba a so. Wanda aka fara kamawa yana sare toho a gangaren da aka killace ƙanin shugabanmu ne, kuma karo na biyu ke nan. Jama'a suka zuba ido su ga yadda za a yi. Shugaban ya sauka daga kujera ya ce mataimakinsa ya jagoranci zaman. Aka yanke aikin yini. Washegari shugaban ya ɗauko ƙanin nasa da kansa, suka hau tudu tare, shi ma ya yi ta jidar duwatsu har yamma. Daga ranar ban sake jin wani ya ce dokar ta talaka ce kawai ba.

Da damina ta sauka, mun koma kan layukan bayan ruwa mai ƙarfi na farko. A bayan kowane layi laka ta kwanta, mai laushi, da tarkacen ganye da kashin dabbobi da iri iri-iri da ruwa ya tattaro. Dattijon nan da ya murza ƙura a hannunsa ya soka sanda a bayan duwatsun gonarsa, ta shige da danshi. Kafin damina ta raba, ciyawa ta rufe layukan. A kwari kuma ruwa ya zo, amma a makare, kuma bai zo da haukan da ya saba ba. Rafin dai bai dawo ba tukuna, kuma ba mu yi wa kowa alkawarin lokaci ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a hankali yake taruwa, aikin shekaru ne, kuma shekarar da aka yi ƙarancin ruwan sama dole awo ya nuna baya.

Bayan an fara ganin kore a tudun ne wata ƙungiyar agaji ta zo da tayin biyan mutane kuɗin yini su ci gaba da aikin. An yi muhawara mai zafi, don akwai mabuƙata a cikinmu, kuma ba na ganin laifin wanda ya so a karɓa. Ni dai ina cikin waɗanda suka ji tsoron cewa ranar da kuɗin ya yanke, ranar za a daina gyara layin da ya ɓalle, tunda ya zama aikin mai biya. Aka tsaya a tsakiya: mun karɓi baro da diga da shebur, da motar da za ta riƙa kawo duwatsu daga nesa, wanda shi ne ya fi karya mana ƙarfi, amma gumin ya ci gaba da zama namu. Saboda wannan tallafi ne ma muka yi rajista a hukumance muka buɗe asusu, da sa hannun mutum uku, kuma ana karanta shiga da fita a bainar jama'a a kowane taro.

Yanzu abu biyu ne a gabanmu. Na farko masu ɗibar yashi a cikin rafi, waɗanda dokarmu ba ta hau kansu ba tunda ba mambobi ba ne, kuma yashin nan shi ke riƙe ruwan da mata ke tonowa da rani. Mun rubuta wa hukuma a kan haka, wannan karon da taswira da littafin awo a haɗe. Na biyu kuma wani reshe na kwazazzabon da ke tasowa daga gonakin maƙwabtanmu ta gabas, inda ba mu da ikon buga ko turke ɗaya. Makiyayinmu ne ya kai musu magana, tunda yana da 'yan'uwa a can. Sun ce za su turo matasa biyu su koyi awon sanduna uku da zarar an gama girbi, kuma kwamiti ya amince a ba su aron baro da diga na tsawon rani.